Labarin shafin intanet ko na rediyo da jarida: wanne za a gaskata?

Shin duk abin da masu shafuka ke wallafawa ƙarya ne?

A'a. Haka kuma ba duk abin da aka faɗa a rediyo ne gaskiya ba. 

To ina bambancin yake?

A hannuwan da labari ya bi kafin ya iso gare ka. A gidan jarida wakili zai kawo rahoto, edita ya tambaye shi majiyarsa, a nemi jin ta bakin ɗaya ɓangaren, sannan a buga. Suna da ofis da adireshi. In sun ɓata wa mutum suna zai maka su a kotu, gidan rediyo kuwa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya na iya dakatar da lasisinsa. Mai shafi sau da yawa shi ne wakili, shi ne edita, shi ne mai karɓar kuɗin talla. In ya yi kuskure sai ya goge cikin dare, alhali hoton rubutun ya riga ya zaga WhatsApp.

Amma fa yana da mabiya dubu ɗari biyar.

Ana sayen mabiya. Shuɗiyar alamar nan ta tantance shafi ma yanzu da kuɗi ake samun ta.

Na ga tambarin BBC Hausa a jikin hoton. Bai isa ba?

Bai isa ba. Yaro mai waya zai liƙa tambari cikin minti biyu. Shiga bbc.com/hausa da kanka ka nemi labarin. In babu shi, ajiye.

Wani shafi ya ce an tare hanyar Birnin Gwari, rediyo bai faɗa ba, ga ɗan'uwana zai bi ta yau. Me zan yi?

Nan kam ba zan ce ka yi watsi da shi ba. Labarin hari ko tare hanya yakan fara fitowa daga mutanen yankin, domin gidajen labarai ba su da wakili a kowane ƙauye, kuma sukan jira kakakin 'yan sanda, abin da kan ɗauki sa'o'i. Saboda haka shirun rediyo bai ƙaryata labarin ba, bai kuma tabbatar da shi ba. Fara da duba rubutun: akwai sunan gari, rana da lokaci, ko kuwa "yanzu-yanzu" da "majiya mai tushe" kawai? In da hoto, saka shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens, sau da yawa za ka tarar na shekarun baya ne ko na wata ƙasa. Kada shafuka goma su ruɗe ka in kalmominsu iri ɗaya ne har da kuskuren rubutu, majiya ɗaya ce aka kwafa. Sannan ka bar intanet ka kira tashar mota. Direbobi da 'yan kamasho sun san ko motocin safe sun iso, ko da yake su ma wani lokaci jita-jitar suka ji, don haka tambayi wanda ya biyo hanyar da kansa. In abin bai warware ba, ɗan'uwanka ya jinkirta tafiya, asarar yini ɗaya mai sauƙi ce. Amma jinkirta tafiya daban, tura wa jama'a daban.

Ai tura shi taimako ne, ko?

Haka aka ce a watan Agustan 2014, da saƙon wanka da shan ruwan gishiri don maganin Ebola ya zaga Najeriya cikin dare. Mutane sun kwanta asibiti, an rasa rayuka. Don Allah a daina fakewa da "kamar yadda na samu". Wanda ka tura wa sunanka ya gani, kai ya yarda da shi.

Su manyan gidajen ba sa son kai?

Suna yi. Gidan labarai na gwamnati da wuya ya soki gwamna, na ɗan kasuwa yana lallaɓa masu ba shi talla, kuma akwai 'yan jaridar da ke karɓar na goro. A kan siyasa, saurari gida biyu ko uku masu mabambantan iyayen gida, ka lura da wanda ke fitowa fili ya yi gyara idan ya yi kuskure.