Ƙuruciyar yaran Cree da makarantun kwana na Kanada

Cree ɗaya ce daga manyan ƙabilun asali na Kanada. Yankinsu ya taso daga gaɓar tekun James Bay a lardin Quebec har zuwa filayen Alberta, wasunsu kuma suna jihar Montana ta Amurka. Kafin zuwan makarantun kwana, tarbiyyar yaro a wajensu tana tafiya ne da lokutan shekara da kuma zaman kakanni a cikin gida.

Jariri kan fara rayuwa cikin wata jakar fata ko ta ƙyalle da ake cusa wa busasshiyar gansakuka, wadda ke tsotse danshi ta kuma riƙe ɗumi. Ana ɗaure jakar a kan allon goyo, uwa ta goya, ko ta jingine shi da itace yana kallon masu aiki. A wajen Cree na James Bay, yaro ba ya taka ƙasa a wajen tanti sai an yi masa bikin fitowa. Da sassafe ake yinsa, ƙofar tantin tana fuskantar gabas. Namiji ya fito da 'yar bindigar katako, mace da ɗan gatari, su zaga wani itace su komo da abin da suka ɗauko, su miƙa wa dattawan da ke zaune a ciki, ana yi musu murna.

Ba a cika dukan yaro ko yi masa tsawa ba. Ido yake sa wa manya har hannunsa ya faɗa a ɗana tarko, jima fata da kamun kifi. Tatsuniyoyin Wisahkecahk, gwanin wayo da ɓarna, ba a yinsu sai da hunturu, kuma daga bakin kaka ake jinsu.

Wannan zaren ne makarantun kwana suka tsinke. Gwamnatin Kanada ta fara kafa su a yammacin ƙasar a 1883, ita ke ba da kuɗi, coci-coci irin su Katolika da Anglika ke gudanarwa. A 1920 aka gyara dokar 'yan asali ta 1876, zuwa makaranta ya zama tilas ga yaro ɗan shekara 7 zuwa 15. Kimanin yara 150,000 daga ƙabilu daban-daban ne suka ratsa tsarin. Da isar yaro za a aske masa kitso, a karɓe tufafin da uwarsa ta ɗinka, a ba shi lamba, a raba shi da 'yar uwarsa ko da suna gini ɗaya. In ya yi magana da harshensa ya sha hukunci. Abin da ya fi ciwo shi ne watannin karatu su ne watannin tatsuniya da farauta, don haka yaro ya rasa ilimin gida ɗungurungum.

Cunkoso da yunwa sun buɗe wa tarin fuka hanya. Tun a 1907 likitan gwamnati Peter Bryce ya rubuta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban makarantun da ya bincika sun mutu, aka yi biris da shi. A makarantar St. Anne da ke Fort Albany, wadda ta rufe a 1976, tsofaffin ɗalibai sun ba da shaidar cin zarafi, har da kujerar lantarki da ake ɗora yara a kai. Makarantar Gordon a Saskatchewan ba ta rufe ba sai 1996.

Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008. A 2015 Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda aka kafa don binciken makarantun kwanan, ta kira abin kisan ƙare dangi na al'ada. Ɗaya daga kwamishinoninta, Wilton Littlechild, ɗan Cree ne da ya yi shekara 14 a irin waɗannan makarantu. A ƙasarsu ta Maskwacis Fafaroma Francis ya nemi gafara a Yulin 2022.

Cree na Quebec sun karɓi ragamar makarantunsu a 1978, bayan yarjejeniyar James Bay da suka ƙulla da gwamnati a 1975. Yanzu ana koyar da harshen Cree a aji, kuma idan ƙanƙara ta fara narkewa ana ba da hutu yara su bi iyayensu sansanin farautar dinya.