An yi feshin kyankyasai a gida: yaushe mage da tantabaru za su dawo?

Maganin da aka turara a ɗaki ba ya dawwama a iska. Sauka yake yi ya kwanta a kan siminti da tabarma da kwanuka. Mu da takalmi muke bi ta wurin, ita kuwa mage a nan take birgima, ta tashi ta hau lasar ƙafarta.

Awa nawa za a jira kafin a shiga?

A bi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Yawanci awa 2 zuwa 4 ne ɗaki a rufe, sannan babba ɗaya ya shiga da takunkumi ya buɗe ƙofofi da tagogi, ya fita. Kada a kunna risho ko gas ko ashana sai iska ta ratsa, domin iskar da ke cikin gwangwanin tana kama wuta. Dabbobi su ne na ƙarshen dawowa, bayan an goge ƙasa ta bushe. Ni dai na fi son su kwana a waje, ko da wari ya tafi. Hanci ba ma'auni ba ne.

Me ya sa aka fi jin tsoro a kan mage?

Yawancin magungunan feshin gida suna ɗauke da sinadarai dangin permethrin. Hantar kare tana iya sarrafa shi, ta mage kuwa ba ta iyawa da sauri, sai ya taru a jikinta ya taɓa jijiyoyi. Ga ta da yawan lasar jiki. Tsuntsaye ta numfashi yake kama su, don haka a fitar da kejin aku tun kafin feshi, kuma kada hayaƙin ya bi ta inda ɗakin tantabaru ko akurkin kaji yake. Mai kifin ado ya kashe injin da ke hura iska a ruwa, ya rufe tankin ruf. Kaɗan daga wannan magani ya isa ya kashe kifi.

Me za a wanke?

A sa safar hannu, a haɗa ruwa da omo. A fara da kwanon abinci da na ruwan dabbar, sai tsumman da take kwanciya a kai, sai duk inda ake ajiye abinci a kicin. Abincin da aka manta a buɗe a zubar, kada a ce bari a ba kaji. Ruwan randa ko bokitin da ba a rufe ba shi ma haka. A goge tsakiyar ɗaki sau biyu, a shanya tabarma da darduma a rana. Tsumman gugar kada ya koma kicin.

Matattun kyankyasan fa?

Nan ne aka fi yin sakaci. Da safe za a gan su rigingine a bakin bayi da bayan firji, wasu suna ɗan motsi, kuma wannan motsin ne ke jan mage. In aka share su zuwa tsakar gida, kaji sun samu kalaci mai guba. A kwashe a leda, a ɗaure, a kai inda dabba ba za ta tona ba. A ci gaba da dubawa kwana biyu zuwa uku, don wasu sai daga baya suke fitowa su mutu.

Yaya za a gane maganin ya taɓa dabba?

Dalalar miyau, amai, gudawa, karkarwar jiki ko kunnuwa, tafiya da tangaɗi, wahalar numfashi, wani lokaci har farfaɗiya. A fitar da ita cikin iska. Idan maganin ya taɓa gashinta, a wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a tsane ta. Don Allah kada a ɗura mata manja ko madara. Dabbar da ke karkarwa tana iya shaƙewa ya faɗa mata huhu. A garzaya wurin likitan dabbobi tare da gwangwanin, domin sunan sinadarin ne zai nuna masa abin da zai ba ta.

To fiya-fiya da Sniper?

Waɗannan dichlorvos ne a ciki, maganin gona, ba na ɗakin kwana ba. Tun 2019 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shagunan unguwa. Ƙwayar nan ta adana hatsi da ake kira bom ta fi su muni: hayaƙinta na ratsawa ɗakin maƙwabta, yana kashe mutum, balle kyanwa.

Bayan sati biyu kyankyasai sun dawo, a sake feshi?

Hayaƙin bai cika shiga tsagar bango da bayan kabad inda suke ɓuya ba, kuma ba ya ratsa jakar ƙwansu, wadda a ƙananan kyankyasan kicin take ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40. Maganin nan mai kama da man goge baki, wanda ake ɗigawa a lungunan da mage ba ta kaiwa, ya fi aiki. A haɗa da toshe tsagogi, da gyara famfon da ke ɗiga, da ɗauke kwanon mage da daddare.