Matakan da iyali za su ɗauka idan ɗan sanda ya raunata wani nasu

Iyalin da ɗan sanda ya daki ɗansu ko ya harbe shi sukan shafe kwanakin farko cikin ruɗani da fargaba, kuma a waɗannan kwanakin ne hujjar da kotu za ta nema take ɓacewa, domin kumburi yakan sace, shatin duka ya dushe, shaidu su watse. Saboda haka a fara da asibiti ko da raunin bai nuna tsanani ba, tunda bugun kai da zubar jini ta ciki sukan ɓoye kansu da farko. A Najeriya, dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya yi wa wanda aka harba magani nan take ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

A roƙi likita ya rubuta wurin kowane rauni da girmansa, tare da bayanin majinyacin kan yadda ya same shi, sannan iyali su karɓi kwafin rahoton. A ɗauki hoton raunukan, a adana tufafin ba tare da an wanke su ba, a rubuta ranar da lokacin da sunayen waɗanda suka gani. Idan rai ya salwanta, a nemi binciken gawa kafin binnewa. Na san wannan yana da nauyi ga zuciyar mai makoki, amma idan babu shi, tabbatar da musabbabin mutuwa a gaban alƙali yana da matuƙar wuya.

Sashe na 46 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa Babbar Kotu neman diyya, ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙi na 2009 kuma sun yarda ɗan'uwa ya shigar da ƙarar a madadinsa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda aka samu da laifin azabtar da mutum. Wanda ba shi da kuɗin lauya zai iya zuwa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, ko ya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa kyauta.

Shari'a takan ɗauki lokaci, don haka kada a manta da lafiyar masu jiranta. Idan rashin barci, yawan firgita ko ƙin fita waje ya wuce wata guda, musamman ga yaran da abin ya faru a gabansu, a kai su wurin likitan ƙwaƙwalwa, a kuma haɗa rahotonsa da sauran takardun ƙarar.