Me Ake Nufi da Hujjar Kalam?

A muhawarorin da ake tafkawa tsakanin masu addini da masu musun samuwar Allah, ana yawan ambaton hujjar kalam. Sunan ya fito ne daga ilmin kalam, fannin da malaman Musulunci suke kare aƙida da dalilan hankali. Abin da take cewa shi ne, duk abin da ya samu bayan babu shi dole ne a sami wanda ya samar da shi, duniya kuwa fararriya ce, saboda haka tana da Mahalicci. Duk wanda ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi a zaure ya san wannan tsari, domin da faruwar duniya aka kafa dalilin samuwar Ubangiji a cikinta.

Wahalar tana wajen tabbatar da cewa duniya tana da mafari, tunda Aristotil, masanin falsafa na Girka, ya koyar da cewa ba ta da shi. Wani malamin Kirista na Iskandariyya a ƙarni na 6, wanda Larabawa ke kira Yahya an-Nahwi, ya yi masa raddi da cewa idan kwanakin da suka shuɗe ba su da iyaka, to ba yadda za a yi a ƙetare su har a iso yau. Al-Kindi, masanin falsafa Musulmi, ya ɗauki wannan hanya a Bagadaza, sannan Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙara mata ƙarfi da misalin da nake ganin ya fi kowanne shiga zuciya: rana tana kammala zagayenta cikin shekara ɗaya, tauraron Zuhal kuwa sai ya shekara 30, to idan dukansu suna zagaye tun fil'azal, yaya adadi marar iyaka zai ninka wani marar iyaka sau 30?

Da aka fassara littattafan Larabci zuwa Latin, musamman a birnin Toledo na Sifen a ƙarni na 12, sai gardamar ta shiga jami'ar Faris, babban birnin Faransa. Bonabencha, wani malamin Kirista, ya riƙe cewa hankali yana iya tabbatar da mafarin duniya. Tomas Akwinas, shi ma malamin Kirista, wanda ya san ra'ayin malaman kalam ta hanyar Musa bin Maimun, malamin Yahudawa, ya ce ya yi imani duniya tana da mafari, amma wahayi ne ya sanar da hakan, hankali kaɗai ba zai iya ba. Abin lura shi ne saɓanin bai bi layin addini ba, domin kafin Akwinas, Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda shi ma Musulmi ne, ya riga ya soki dalilan Ghazali. A 1277 bishop na Faris ya haramta koyar da batutuwa 219, ciki har da cewa duniya ba ta da mafari.

Masanin falsafa ɗan Amurka William Lane Craig ne ya farfaɗo da hujjar a 1979, kuma ya bar mata sunanta na Larabci saboda gudummawar da malaman Musulunci suka ba ta.