Gaskiyar tarihi a finafinan da aka gina kan abin da ya faru

Gaskiyar tarihi a fim na nufin gwargwadon yadda abin da aka nuna ya yi daidai da abin da takardu da shaidun gani da ido da masana tarihi suka tabbatar ya faru. Maganar ta fi tasowa ne a kan finafinan nan da ake rubutawa tun farkonsu cewa an gina su kan labari na gaskiya, na yaƙi ne ko tarihin rayuwar wani ko wani bala'i da ya auku, don da zarar mai kallo ya ga wannan rubutun shikenan ya saki jiki, ya ɗauka duk abin da zai gani haka aka yi. Su kuwa masu fim ba alƙawarin da suka ɗauka kenan ba, abin da suke nufi kawai daga can aka ɗebo labarin, sauran kuma aikinsu ne.

Me ya sa ake canzawa

Babban dalili dai lokaci ne. Abin da ya ɗau shekara goma yana faruwa ake so a cusa cikin awa biyu, dole a matse, shi ya sa za ka ga an haɗe mutum uku ko huɗu sun zama mutum ɗaya, ko an jawo abin da ya faru daga baya an sa shi a gaba. Hira kuwa kusan duk ƙirƙira ce tunda ba wanda ya naɗi abin da sarki ya faɗa wa matarsa a cikin ɗaki. Sannan fim yana son jarumi yana son bos, alhali a zahiri yawanci mutane ne da yawa kowa da ɗan rawar da ya taka, na kirkin ma da nasa aibin. Ga furodusa da ya zuba kuɗi yana duba wace ƙasa ce za ta fi sayen tikiti. Wani lokaci ma doka ce ke tilastawa, kamar a Selma na 2014 inda ba su samu izinin amfani da ainihin jawaban Martin Luther King ba sai da aka rubuta wasu masu kama da su.

Kuskuren kaya da kuskuren da ke taɓa mutane

Kuskuren da aka fi saurin kamawa shi ne na sutura da makamai da kwanan wata, kuma shi ne mafi sauƙin illa. Braveheart na 1995 ne aka fi buga misali da shi. Zanen nan mai layi-layi da mazan Sikotland suka ɗaura a fim ɗin sai a ƙarni na 16 ya bayyana, shi kuwa William Wallace, jarumin Sikotland da aka yi fim ɗin a kansa, an kashe shi tun 1305. Yaƙin Gadar Stirling na 1297 an nuna shi a fili fetal ba gada, alhali ƙuncin gadar ne ya ba su nasara, don sojojin Ingila suna tsallakowa kaɗan kaɗan aka far musu. Gimbiya Isabella da aka nuna wai ta yi soyayya da Wallace har da ciki, yarinya ce 'yar wajen shekara goma tana can Faransa lokacin da aka kashe shi, ɗanta Edward na Uku kuma sai 1312 aka haife shi.

Wannan duk abin dariya ne in aka kwatanta da inda fim ya ɗauke aikin wani ya ba wani, ko ya shafa wa mutum kashin kaji, nan ne gaskiya ya kamata a fi tada jijiyar wuya. U-571 na 2000 ya nuna sojojin ruwan Amurka ne suka ƙwato na'urar Enigma da Jamus ke ɓoye saƙonninta da ita daga wani jirgin ƙarƙashin ruwa, alhali 'yan Birtaniya ne na jirgin HMS Bulldog suka yi wannan a kan U-110 a watan Mayun 1941, wata bakwai kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ma, abin ya yi ƙura har firaministan Birtaniya na lokacin Tony Blair ya soki fim ɗin a majalisa. Haka Argo na 2012 wanda har ya ci Oscar na gwarzon fim, labarin Amurkawa shida da aka fitar daga Tehran a Janairun 1980. Fim ɗin ya ba hukumar leƙen asirin Amurka CIA kusan duka ladan, bayan jakadan Kanada Ken Taylor da wani jami'insa John Sheardown ne suka ɓoye mutanen a gidajensu har wajen wata uku, Sheardown ɗin ko nuna shi ba a yi ba, kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi kenan. Jimmy Carter da yake shugaban Amurka a lokacin da bakinsa ya ce kashi 90 na aikin 'yan Kanada ne. Sin ɗin ƙarshe kuwa da motocin dakarun Iran ke bin jirgi a guje a filin tashi, wanda shi ne ya fi tsaya wa mutane a rai, sam ba a yi shi ba, da fasfo ɗin Kanada suka hau jirgin Swissair suka tafi abinsu.

Na ɓata suna kuwa akwai William Murdoch, babban jami'i a jirgin Titanic da ya nutse a Afrilun 1912. Fim ɗin 1997 ya nuna an cusa masa kuɗin cin hanci, ya harbe fasinjoji sannan ya harbe kansa. Akwai waɗanda suka tsira da suka ce sun ga wani jami'i ya yi harbi amma ba a taɓa tabbatar da ko waye ba, abin da aka tabbatar game da Murdoch shi ne ya yi ta loda mutane a kwale-kwalen ceto har ya mutu a wurin. Danginsa da mutanen garinsu Dalbeattie suka yi ca, a 1998 wani babba a kamfanin finafinai na Fox ya je garin ya ba da haƙuri ya ba da fam 5,000 ga asusun tunawa da shi na makarantar garin. Sin ɗin dai ba a cire ba, yana nan har yau.

Akwai kuma kishiyar wannan wato wankewa. The Woman King na 2022 ya ba da labarin Agojie, matan nan mayaƙa na masarautar Dahomey a Jamhuriyar Benin ta yanzu, kuma su kam gaskiya ne an yi su, amma ya karkata ga nuna masarautar na neman barin cinikin bayi tun 1823, alhali Sarki Gezo ya ci gaba da sayar da bayi har sai da jiragen Birtaniya suka tsare gaɓar tekun ya sa hannu a yarjejeniya a 1852.

Ba yau aka fara ba

Tun zamanin fim marar magana ake wannan rigimar. The Birth of a Nation na 1915 ya nuna 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu tsananin wariyar launin fata a Amurka, a matsayin masu ceto, baƙaƙen fata kuma a matsayin miyagu, yana yi yana saka rubutun da ke nuna wai daga tarihi aka kwafo, a shekarar nan kuwa ƙungiyar ta sake farfaɗowa. A Tarayyar Sobiyat, Battleship Potemkin na 1925 ya nuna kisan kiyashi a matattakalar birnin Odessa, tawayen da matuƙan jirgin ruwan yaƙi na Potemkin suka yi a 1905 gaskiya ne, sojoji ma sun kashe mutane a birnin, amma wannan na matattakalar darakta ne ya tsara shi, ya tsaru ta yadda mutane da yawa suka riƙe shi a matsayin tarihi.

Rubutun nan ma da ake gani a ƙarshen finafinai cewa duk mutanen ciki ƙagaggu ne kuma in sun yi kama da wani to dace ne, daga kotu ya samo asali. Masu shirya finafinai na kamfanin MGM sun yi Rasputin and the Empress a 1932 suka saka wata gimbiya da aka nuna Rasputin, wani malamin addini mai faɗa a ji a fadar sarkin Rasha, ya keta mata haddi, Gimbiya Irina Yusupova matar ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Rasputin a 1916 ta ce ai ita ake nufi kuma ƙarya ne, ta kai ƙara a Landan, a 1934 aka yanke a biya ta fam 25,000. Daga nan kamfanoni suka shiga taitayinsu. Sai dai wannan kariyar ta masu rai ce, a dokar Ingila da yawancin jihohin Amurka mamaci ba a shigar masa da ƙarar ɓata suna, shi ya sa irin su Murdoch ba su da mai tsaya musu sai surutun dangi.

Abin da yake yi wa mai kallo

Masu kare finafinan kan ce ai kowa ya san fim fim ne ba aji ba. Bincike bai goyi bayansu sosai ba. A 2009 Andrew Butler da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai rubutun tarihi su karanta sannan suka nuna musu yankin fim a kan batun, inda fim ya dace da rubutun ɗaliban sun fi tunawa, inda ya saɓa kuwa da yawa abin fim ɗin suka riƙe, wasu har suna cewa a rubutun suka karanta. Gargaɗin gama-gari cewa fim kan yi ƙarin gishiri bai hana ba, sai da aka nuna musu takamaiman wurin da ƙaryar take.

Amma fa fim mai shaci-faɗi ma yana iya jawo alheri. JFK na 1991 masana tarihi sun yi masa kaca-kaca kan yadda ya cakuɗa zato da hujja a kan kisan shugaban Amurka John F. Kennedy, duk da haka hayaniyar da ya tayar ce ta sa majalisar Amurka ta yi doka a 1992 ta buɗe takardun binciken kisan. Wani lokacin kuma gaskiyar ce ba a so. Lion of the Desert na 1981, labarin Umar Mukhtar, jagoran yaƙi da mulkin mallakar Italiya a Libiya, wanda Italiya ta rataye a 1931, gwamnatin Gaddafi ce ta ba da kuɗinsa don haka shi ma yana da ɓangare, amma sansanonin da aka tsare mutanen gabashin Libiya a ciki da ratayewar duk sun faru. Italiya ta hana nuna shi a 1982 wai yana zubar da mutuncin sojojinta, sai a 2009 aka haska shi a talbijin a ƙasar lokacin da Gaddafi ya kai ziyara Rum.