Ƙibar Matashi Ba Shaidar Ƙoshin Lafiya Ba Ce

A gidaje da yawa, idan yarinya 'yar shekara 15 ta yi kumatu, har ɗinkin sallar bara ya matse ta, sai iyaye su ce hutu ne, ko kuma ƙibar ƙuruciya ce da za ta zube da kanta. Sau da yawa ba ta zubewa. Takan bi mutum har girmansa, ta share wa ciwon sukari da hawan jini hanya. Ido yakan yaudari uwa, domin da 'ya'yan maƙwabta take gwada nata, shi ya sa likitoci ke auna nauyi da tsayi tare, sannan su duba shekaru da jinsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022, sama da yara da matasa miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce kima.