Waiwaye: Yadda Cocin Katolika ya shafe shekaru yana ja da manyan ƙasashe kan adalci a kasuwar duniya

A watan Maris na 1967 Fafaroma Paul na shida ya fitar da wata doguwar wasiƙa mai suna Populorum Progressio, a ciki ya faɗi maganar da har gobe manyan ƙasashe ba sa son ji. Cewa ya yi ciniki mara shinge tsakanin ƙasa da ƙasa yana zama adalci ne kawai in ɓangarorin biyu ƙarfinsu ya kusa zuwa ɗaya, amma in ɗaya ƙato ne ɗayan kuma da ƙyar yake tsaye da ƙafarsa, toh farashin da ake cewa wai an amince da shi a kasuwa zai iya zama zalunci tsagwaronsa. Jaridar Wall Street Journal ta Amurka ba ta ɓoye haushinta ba, ta ce ai wannan ɗumamen aƙidar Karl Marx ne kawai.

Ku tuna fa lokacin ƙasashen Afirka ba su daɗe da samun 'yancin kai ba, kowa na ta murna da tuta da taken ƙasa, amma kasuwa tana nan yadda Turawan mulkin mallaka suka bar ta. Mu sayar da gyaɗa da auduga da koko da fata ɗanyu, su kuma su sarrafa su dawo mana da su a matsayin yadi da takalmi da cakulan, farashin namu yau ya hau gobe ya faɗi warwas, nasu kuwa kullum sama yake yi, kuma ba mu ne ke yanka ko ɗaya daga cikin farashin biyu ba. Hujjar da Fafaroman ya kafa tsohuwa ce a cocin. Tun 1891 Fafaroma Leo na 13 ya rubuta cewa lebura da yunwa ta tilasta wa karɓar albashin da bai isa ya ci da iyalinsa ba, an zalunce shi ko da ya ce ya yarda da bakinsa. Paul na shida sai ya ce abin da ya shafi lebura da mai masana'anta shi ne dai ya shafi matalauciyar ƙasa da mai arziki. Daga nan cocin ya fara matsawa daga rabon sadaka kaɗai zuwa tambayar wa ya rubuta dokokin cinikin tun farko.

Inda maganar ta fi kama wuta shi ne Latin Amurka. Bishop-bishop ɗin yankin sun taru a Medellin ta ƙasar Kolombiya a 1968 suka ce talaucin mutanensu tsari ne aka gina, ba ƙaddara ba ce kawai. Akwai wani babban bishop na Barazil, Helder Camara, da ake yawan ambato saboda cewa da ya yi in ya ba talakawa abinci sai a kira shi waliyyi, in ya tambayi dalilin da ya sa ba su da abincin sai a kira shi ɗan kwaminis. Wasu sun biya da ransu, kamar Oscar Romero na El Salvador da aka harbe yana cikin jagorantar addu'a a Maris ɗin 1980. Kuma gaskiya ba duka cocin ne ya tafi tare da su ba, ita kanta fadar Vatican a 1984 ta fitar da gargaɗi ga limaman da take ganin sun zurma cikin aƙidar Marx da yawa, dan haka rikicin har cikin gida an yi shi.

Labarin da ni ya fi burge ni a duk tarihin nan na wani fada ne, wato limamin Katolika, ɗan ƙasar Holan, Frans van der Hoff, da ya je ya zauna cikin manoman gahawa a tsaunukan Oaxaca a kudancin Mexico. Ya tarar 'yan baranda ne ke cinye gumin manoman, su saya da arha a bakin gona tunda manomi ba shi da mota ba shi da hanyar kai kayansa gari, kuma galibi ya riga ya ci bashinsu tun kafin kaka. Sai suka haɗu suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna UCIRI a farkon shekarun 1980, suka fara neman masu saye kai tsaye a Turai. A 1988 shi da Nico Roozen na ƙungiyar Solidaridad suka ƙirƙiro tambarin Max Havelaar, wanda ake liƙawa a jikin kwalin gahawa dan mai saye ya san manomi ya samu farashi mai mutunci, kuma shi ne asalin tambarin Fairtrade da yau ake gani a jikin ayaba da cakulan da shayi a kantunan Turai, har manoman koko na Ghana da Kodebuwa suna ciki. Bai gyara kasuwar duniya ba kam, kason da yake riƙe da shi ƙarami ne, amma ya nuna ana iya biyan manomi haƙƙinsa kuma kasuwa ba ta rushe ba.

Sai zamanin bashi. A 1982 Mexico ta ce ba za ta iya biya ba, daga nan ƙasa bayan ƙasa suka dinga faɗawa hannun IMF da Bankin Duniya da sharuɗɗansu na karya darajar kuɗi da cire tallafi da buɗe iyaka ga kayan waje, wanda mu a Najeriya muka sha shi da sunan SAP daga 1986 lokacin Babangida, duk wanda ya rayu lokacin ba sai an ba shi labari ba. A 1986 ɗin ce bishop-bishop ɗin Amurka suka fitar da tasu wasiƙar kan adalci a tattalin arziki, ita ma Vatican ta rubuta takarda guda a kan bashin ƙasashe tana cewa bai halatta a biya bashi da shaƙe wuyan al'umma ba. A 1994 Fafaroma John Paul na biyu ya ɗauko wata doka da ake kira Jubilee daga Littafin Firistoci na Baibul, inda aka umarci Bani Isra'ila duk shekara 50 su saki bayi su mayar wa kowa gonarsa, ya ce a yi amfani da shigowar shekara ta 2000 a rage wa ƙasashe matalauta bashi ko ma a yafe gaba ɗaya. Musulmi ma maganar ba baƙuwa ba ce gare shi, tunda a Suratul Baƙara an ce a jinkirta wa wanda ake bi bashi in yana cikin ƙunci, yafewa kuma ta fi alheri.

Gangamin neman yafe bashi da aka kira Jubilee 2000 ba na Katolika kaɗai ba ne, akwai 'yan Anglika da sauran coci-coci da ƙungiyoyin ƙwadago da Musulmi, amma ƙungiyoyi irin su CAFOD ta Ingila da Trocaire ta Ayalan da cibiyar limaman Katolika 'yan Jesuit da ke Lusaka a Zambiya sun ɗauki kaya mai nauyi a ciki. A Mayun 1998 mutum kusan 70,000 suka riƙe hannun juna suka zagaye wajen taron shugabannin manyan ƙasashe takwas na G8 a Birmingham, an kuma tara sa hannun mutum sama da miliyan 20 a faɗin duniya. Kuma abin ya yi tasiri. An faɗaɗa shirin HIPC na rage wa ƙasashe matalauta bashi a taron Cologne na 1999, Nijar da Ghana suka kammala shirin a 2004, a 2005 aka ƙara wata yafiyar a taron G8 na Gleneagles. Najeriya ba ta cikin shirin, tata daban ce, lokacin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi ta Paris Club ta yafe dala biliyan 18 cikin biliyan 30, mu kuma muka zube musu kusan biliyan 12.

A fagen ciniki kuwa labarin ba daɗi. Lokacin da ake muhawarar yarjejeniyar CAFTA tsakanin Amurka da ƙasashen tsakiyar Amurka, Bishop Alvaro Ramazzini na Guatemala ya je har gaban majalisar dokokin Amurka a 2005 ya gaya musu ƙananan manomansa ba za su iya gasa da masara da shinkafar da gwamnati ke tallafa wa ba, sun ga abin da irinta, yarjejeniyar NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Mexico, ta yi wa manoman masara a Mexico tun 1994. Duk da haka majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 217 da 215, tazarar ƙuri'a biyu kacal. Haka batun auduga, a 2003 Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kuka Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, cewa biliyoyin dalolin da Amurka ke ba manoman audugarta kusan 25,000 suna karya farashi a kan miliyoyin manoman yammacin Afirka, ƙungiyoyin coci suka mara musu baya, taron WTO na Cancun ya watse baran-baran, amma tallafin bai mutu ba sai dai a canja masa suna da salo. A Brussels ma akwai ƙungiyar AEFJN da fada-fada da sistocin da suka yi aikin mishan a Afirka suka kafa a 1988, ta daɗe tana sukar yarjejeniyar ciniki ta EPA da Tarayyar Turai ke so Afirka ta sa wa hannu, wadda Najeriya ta ƙi sa wa hannu, tana kuma magana a kan garin madara mai arha da ake haɗawa da man itace a turo yankinmu alhali ga Fulaninmu da nonon shanunsu ba kasuwar kirki.

A ganina dalilin da ya sa aka ci nasara a bashi aka sha ƙasa a ciniki a fili yake. Yafe bashi sa hannu ne sau ɗaya, shugaba ya ɗau hoto ya sha yabo. Gyara dokar ciniki kuwa yana nufin ka taɓa aljihun manomin Texas ko na Faransa mai ƙuri'a da kamfanoni masu kuɗin kamun ƙafa a majalisa, kuma da yawa daga cikin waɗannan manoman su ma 'yan coci ne, toh wa zai ɗaure wa kyanwa ƙararrawa.

Fafaroma Francis ya zo da zafi, a 2013 ya ce irin wannan tattalin arziki kisa yake yi, a Boliviya a 2015 ya kira wasu yarjejeniyoyin ciniki da matakan tsuke bakin aljihu sabon mulkin mallaka. Kafin ya rasu a Afrilun 2025 ya sake neman a yafe bashi albarkacin Jubilee ta 2025, saboda bashin ya dawo ɗanye, Zambiya ta kasa biya a 2020, Ghana a 2022, Habasha a 2023, kuma rahoton hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, na 2023 ya ce mutum biliyan 3.3 ke zaune a ƙasashen da kuɗin ruwa ya fi cin kasafinsu a kan ilimi ko lafiya. Sai dai masu bin bashin yanzu sun canja, akwai Chaina akwai kamfanonin kuɗi masu zaman kansu da ba sa zama a teburi irin na G8 balle a zagaye su da hannu. Shi ya sa CAFOD da abokan tafiyarta suka koma matsa wa majalisar Birtaniya ta yi dokar da za ta tilasta wa irin waɗannan kamfanoni shiga duk wani sassauci da aka yi, tunda yawancin takardun bashin ƙasashe matalauta a ƙarƙashin dokar Ingila ko ta New York aka rubuta su.